Karkarwar Hannu da Mas'alar Rufin Asiri

A ƙasar noma da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin fili ya huta, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun a shekarun 1960 saboda yawan jama'ar da take ɗauke da su, kusan duk abin da mutum zai ci yana biyowa ta hannunsa ne, kuma a gaban idon jama'a. Manomi da yatsu yake ƙirga ƙwayar gero a bayan sungumi, mai awo da tafin hannu yake daidaita tiya, wanzami da tsinin aska yake neman abinci, alaramma kuwa da bakin alƙalami. Saboda haka larurar da ke sa hannu rawa, ko da ba ta kisa kuma ba ta zafi, tana taɓa mutumin wannan yanki a wurin da ya fi masa ciwo, wato sana'arsa da mutuncinsa.

Larurar da ake nufi ita ce wadda likitoci ke kira da sunan da ma'anarsa ke nuna karkarwa mai zaman kanta, domin ba alama ce ta wata cuta da ke ɓoye a ƙarƙashinta ba. Tana kama kimanin mutum 1 cikin 100, adadin kuma yana hawa zuwa 4 ko 5 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka haura shekara 65, sannan kusan rabin masu ita sukan tuna da uba ko kaka da ya yi irinta. Abin da ya raba ta da cutar da likitan Ingila James Parkinson ya siffanta a 1817 shi ne lokacin da rawar ke zuwa: mai cutar Parkinson hannunsa yakan yi rawa yana ajiye a kan cinya, tafiyarsa ta yi nauyi, jikinsa ya sandare, shi kuwa mai wannan larura hannunsa lafiya lau yake matuƙar yana hutawa, sai ya miƙa shi zai ɗauki ludayi ko ya zura zare a allura ne rawar za ta tashi. Wani lokaci takan hau kai, ya riƙa kaɗawa kamar mai cewa e ko a'a, ko ta shiga murya har karatun liman ya riƙa rawa. Tushenta yana cikin hanyoyin saƙo na sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda aikinsa daidaita motsi ne, kuma gajiya, yunwa, fargaba, goro da shayi mai kauri duk suna ƙara mata ƙarfi.

A ƙauye ba a cika kiranta cuta ba. Idan dattijo ne sai a ce tsufa ne, a bi shi da «Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi». Idan mace ce wasu su kawo zancen iska ko sammu. Idan kuwa saurayi ne, domin takan fara tun ana matashi, sai a fara raɗa cewa ƙwaya yake sha, kuma wannan zargi shi kaɗai ya isa ya hana shi aure. A nan tambayar addini take tasowa, kuma ta fi yadda ake zato wuya: larurar da ba ta barazana ga rai, wadda kuma babu maganin da ke raba mutum da ita gaba ɗaya, shin neman maganinta gazawa ce wajen haƙuri da ƙaddara, ko kuwa barinta ne sakaci da amanar jiki?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa irin wannan tambaya rabe-raben da har yanzu ke da amfani, a babin tawakkali na Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa sababan kawar da cuta gida uku: akwai na yaƙini, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa har mutum ya halaka haramun ne, akwai na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da shan magungunan likitoci, wanda riƙo da shi bai saɓa wa tawakkali ba kuma barinsa ba laifi ba ne, sai na wahami, wato wanda amfaninsa tsammani ne kawai, wanda mai cikakken dogaro ga Allah kan guje masa. Idan aka ɗora magungunan karkarwa a kan wannan ma'auni, sai a ga sun faɗa a gida na tsakiya daidai. Propranolol, wanda Sir James Black ya samar a shekarun 1960 kuma mutanen karkara suka fi saninsa a matsayin maganin hawan jini, yana rage girman rawar da kusan rabi, amma ga kusan rabin masu shansa kaɗai, kuma yana da haɗari ga mai asma da mai jinkirin bugun zuciya, ba a kuma yanke shansa farat ɗaya, abin da ya sa sayensa a kemis bisa shawarar maƙwabci ganganci ne. Primidone, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne, yana aiki kusan haka, sai dai yakan kawo jiri da barci a farkon sha. Akwai kuma aikin da ake dasa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwa tana aika ɗan lantarki, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, da wanda ake tattara igiyar sauti a ƙona ɗan ɗigo a wurin ba tare da an tsaga kai ba, da aka amince da shi a 2016, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai gonar da ba ta wuce kadada ɗaya ba nesa ba kusa ba. Abin da ke hannun talaka shi ne ya isa babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko don a tabbatar cewa rawar ba daga yawan aikin ƙullutun maƙogwaro take ba, ko daga maganin asma na shaƙa, domin waɗannan ana iya gyara su.

Wani abu da likitoci suka daɗe da sani shi ne cewa giya kaɗan tana kwantar da wannan karkarwa na ɗan lokaci ga da yawa daga masu ita, sannan rawar ta dawo da ƙarfi bayan ta sake su. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan wannan yanki, ta halatta yin magani amma ta hana yinsa da giya, kuma a nan fiƙihu da likitanci sun haɗu a wuri guda, domin sauƙin awa ɗaya da ke jawo jaraba ta shekaru bai cancanci sunan magani ba.

Sai dai rabe-raben Gazali, duk da kyansa, yana magana ne a kan mai larura shi kaɗai da Ubangijinsa, alhali mafi nauyin abin da mai karkarwa ke ɗauke da shi daga mutane yake zuwa. Hadisin da ya fi kusa da halinsa shi ne wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas game da matar nan mai farfaɗiya, wadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna, ko addu'ar samun waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya kayar da ita, kuma aka yi mata. Masu wa'azi sukan tsaya a kan rabin farko, alhali rabi na biyun yana ɗauke da hukunci mai zurfi: matar ta raba ciwo da tonon asiri, ta karɓi na farko ta ƙi na biyu, kuma ba a ce mata haƙurinta ya ragu da wannan roƙo ba. Bahaushen da ba ya gajiya da cewa Allah ya rufa asiri ya kamata ya fi kowa gane wannan bambanci.

A duba dattijo a wurin ɗaurin aure, an ajiye ƙwaryar fura a tsakiya, ludayi yana zagayawa. Idan ya iso gare shi ya san cewa kafin ya kai baki rabi zai zube a gaban babbar rigarsa, ya kuma san cewa tunanin hakan kaɗai yana ƙara wa hannun rawa, saboda haka sai ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi, alhali tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Sannu a hankali yakan daina zuwa cin tuwon dare a ƙofar gida, ya bar rubuta wa almajirai allo, ya koma sahun baya a masallaci. Masu kallo sukan yaba wa haƙurinsa, amma abin da suke gani kunya ce da idanunsu suka ɗora masa, kuma wannan kaso na larurar babu ƙwayar da ke taɓa shi.

Tunda daga jama'a wannan nauyi ya fito, a kansu sauke shi ya rataya. Dabarun ba su da tsada: kofi mai nauyi da aka cika rabi, wanda ake riƙewa da hannu biyu tare da dafa gwiwar hannu a kan cinya, ya fi ludayi sauƙi, rage goro da shayi kafin aiki mai buƙatar natsuwar yatsu yana taimakawa, alaramman da alƙalami ya gagare shi har yanzu bakinsa na iya biya wa yara karatu, gardi ya rubuta. Abin da ke da wuya shi ne yadda za a yi su, domin ware wa dattijo kwanonsa daban yana iya zama sutura, yana kuma iya zama kora, gwargwadon yadda aka miƙa shi. A gidan da suka iya, ɗa yakan zuba wa kowa fura a kofi ranar da mahaifinsa ke cikin taro, ya fara miƙa wa tsohon da hannu biyu yana durƙushe, ya ce «Bismillah, Baba», sannan ya juya ya ci gaba da rabo ba tare da ya tsaya kallon yadda kofin zai kai baki ba.