Mudu Biyu a Kasuwar Hawata

Tauye mudu ba ya cikin zunuban da ake tara wa jama'a da ihu. Ba a zub da jini, ba a fasa ƙofar kowa. Tafin riɗi ne yau, rabin kwanon dawa gobe, shi ya sa mai yin sa yake shiga masallaci ko coci da fuska a sake.

A Hawata, garin da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, kusan komai da awo ake samun sa. Kakannin Hausawa da Fulanin yankin sun biyo hanyar hajji, wasu kuma sun taso bayan Turawa sun ci Sakkwato da Burmi a 1903, suka yada zango, zangon ya zama gida. Layin dogon da ya haɗa Kasala da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920 ya ratsa garin, ya buɗe wa dawa da riɗi da ƙaro hanyar kasuwa.

Akwai tsohuwar mu'amala a karkarar Sudan da ake kira shel: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi ko hatsi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan zai biya da amfanin gona in kaka ta yi, a farashin da aka yanke tun shuka ba ta fid da kai ba. Farashin kansa yakan yi wa manomi nauyi. To ina ga wanda zai bayar da ƙaramin mudu a watan Agusta, ya zo karɓa da babba a Nuwamba? Wannan ita ce dabarar da Attaura ta hana a sura ta 25 ta Maimaitawar Shari'a, wato mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Annabi Amos, ƙarni takwas kafin haihuwar Almasihu, ya kwatanta 'yan kasuwar da suka ƙosa ranar hutu ta wuce don su rage awo su sayar da sharar alkama. Musulmin Hawata ba baƙi ba ne ga zancen. Sun san labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana.

Kada kuma a wanke manomi tas. Wanda ya zuba yashi a gindin buhun riɗi shi ma mai mudu biyu ne.

Zabura ta farko ta raba ƙarshen mutum biyu: adali ta kamanta shi da itacen da ke bakin ruwa, mugu kuma da ƙaiƙayin da iska ke kwashewa. Mai karatu zai ce, ai ga macucin can ya gina bene ya sayi tarakta. Gaskiya ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Marubucin Zabura ta 73 ya kusa sarewa da ganin yadda miyagu ke ƙiba. A ganina sakamakon yana zuwa, sai dai a hankali, kuma ba a kan mai laifin kaɗai yake sauka ba. Dillali a kasuwar amfanin gona ta Gadarif in ya tarar da yashi a buhunan wani ƙauye sau biyu, sai ya rage wa duk ƙauyen farashi, har da mai gaskiya. Manomin da aka cuta bana, baɗi sai ya yi algus don ya mayar da hasararsa. Daga nan bashi ya yi wuya, kowa na neman shaida da jingina a kan abin da a da kalmar baki ta isa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, 'yan gudun hijira sun kwararo jihar Gadarif, musamman bayan faɗuwar Wad Madani da Sinja. Baƙo bai san mudun gari ba, ba shi da dattijon da zai kai wa ƙara. Kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sarkin kasuwa mai duba awo. Dattawan Hawata za su iya ajiye mudu guda mai hatimi a wurin da kowa ya sani, duk wanda ya yi shakka ya kai hatsinsa a sake auna masa kyauta.