Wanka Sau Bakwai: Gargaɗi Ga Masu Hawan Jini

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14

A daminar da ta wuce na tafi gai da wani dattijon ekklesiyarmu. Na iske shi kwance, hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye, bakinsa ya karkace. Matarsa ta ɗauko mini kwalin maganinsa na hawan jini, ga shi cike. Wata huɗu bai sha ba, gama ya ce ya warke. Tun ran nan labarin Na'aman bai fita zuciyata ba.

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, amma kuturu. Sa'ad da Elisha ya aika masa ya yi wanka sau bakwai cikin Urdun, sai ya husata, gama ya zaci za a yi masa wani babban al'ajibi nan take. Bayinsa ne suka lallashe shi. Ku duba fa, da ya nutsa sau uku ya fito ya kama hanya, da ya koma Dimashƙu da kuturtarsa.

Haka da yawa cikinmu suke yi. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum biliyan 1 da miliyan 300 ke da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Likita yakan ce jini ya hau idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka tarar haka. Me ya sa wanda ya sani yake barin magani?

Na fari, ciwon ba ya kuka. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, ba ya jin kome, ciwon kuwa yana ɓata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Maganin yana riƙe jinin ne kamar yadda madatsa ke riƙe ruwa. Ran da aka fasa madatsar, ruwa ya dawo. In awonka ya yi kyau, aikin ƙwayar ke nan, ka ci gaba da sha.

Na biyu, wani magani yana da tasa wahala. Amlodipine yakan kumbura ƙafa. Lisinopril yakan kawo busasshen tari. Wani yakan sa yawan fitsari, wani kuma yakan rage wa namiji ƙarfi, kunya ta hana shi faɗi. A nan sauyawa daidai ce, amma likita ne zai sauya, gama magungunan iri iri ne. Mace mai shan Lisinopril in ta sami ciki, ta gaya wa likita da sauri, domin yana cutar ɗan da ke ciki. Irin su Atenolol kuwa, barinsu farat ɗaya hatsari ne ga zuciya.

Na uku, rashin kuɗi. Wani yana raba ƙwaya biyu, wani yana tsallake kwana. Wannan nawayar ekklesiya ce duka. Dattawa da zumuntar mata, ku bincika gwauraye da tsofaffinku. Sayen maganin wata guda ya fi jinyar shanyayye sauƙi nesa.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni baƙin ciki. Akwai masu cewa wanda aka yi wa addu'a, in ya ƙara shan magani, ba shi da bangaskiya. 'Yan'uwa, wannan koyarwa ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba. Allah ya ji addu'ar sarki Hezekiya, ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Ubangijinmu kansa ya ƙi faɗowa daga kan haikali domin kada ya gwada Allah. Kadan kana tsammani an warkar da kai, tafi a auna ka, likita ya shaida, sa'an nan mu yi godiya tare.

Saboda haka ku sha ƙwayarku kowace rana, a lokaci ɗaya, ku haɗa ta da addu'ar safe domin kada ku manta. Ku rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, gama ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a yini ya isa, har ya so ya yi yawa. Ku riƙa zuwa awo. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Jikin nan amana ne a hannunmu, za mu kuwa ba da lissafinsa. Allah ya ba mu tawali'un da Na'aman ya koya a bakin Urdun. Amin.