Fatalwar Greenbrier: shin matacce yana ba da shaida?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, a ƙasar Amurka, cikin gundumar Greenbrier ta jihar Virginia ta Yamma, akwai wani allo da hukuma ta kafa a bakin hanya, yana sanar da matafiya labarin wata mata da aka ce fatalwarta ta taimaka wajen kama wanda ya kashe ta. Mun ga ya dace mu duba wannan labari, domin tambayar da ke cikinsa takan taso a zaurukanmu duk lokacin da aka yi mutuwar da hankali bai kwanta da ita ba.

Sunan matar Zona Heaster. A watan Oktoba na 1896 ta auri wani maƙeri baƙo da ya zo neman aiki yankinsu, ana kiransa Shue, ba da son mahaifiyarta ba. Wata uku bayan auren, ran 23 ga Janairu 1897, wani yaro da mijin ya aika gidan ya tarar da ita kwance a gindin matakala, babu rai. Kafin likita ya iso, mijin ya riga ya ɗauke gawar zuwa ɗakin sama, ya shirya ta da kansa, ya sa mata riga mai doguwar wuya mai tauri, alhali a al'adar wurin matan unguwa ke wannan aiki. Da likita Knapp ya zo, ya tarar da mijin rungume da kanta yana kuka, kuma da ya yi nufin duba wuyan sai mijin ya harzuƙa. Likita ya ja da baya. Ya rubuta cewa suma ce ta zarce da ita, daga baya ya canza ya ce matsalar ciki ce. Wajen zaman makoki mijin ya tokare kan gawar da matashi a gefe guda, da naɗaɗɗen zane a ɗaya gefen, ya ɗaura mata gyale a wuya. Mutane sun lura kan yana lilo in an motsa akwatin. Aka yi ƴan ƙus-ƙus, aka binne ta.

Mahaifiyarta, Mary Jane, ta ce ta yi mako huɗu tana addu'a kowane dare, sannan ɗiyar ta zo mata dare huɗu a jere, ta gaya mata cewa mijin ne ya karya mata wuya don ba ta dafa nama ba. Tsohuwar ta tafi wurin mai gabatar da ƙara na gundumar, John Preston. Shi kuwa ya nemi likitan, likitan ya amsa cewa bai duba gawar yadda ya kamata ba. Ran 22 ga Fabrairu aka tone kabarin, likitoci suka binciki gawar a cikin wata ƙaramar makaranta, suka tarar wuya a karye, maƙogwaro a murƙushe, ga shatin yatsu. Sai kuma ta bayyana cewa Zona matarsa ce ta uku: ta fari sun rabu tana kukan azabarsa, ta biyu ta mutu ba ta cika shekara a gidansa ba. A watan Yuni aka fara shari'a a garin Lewisburg, a watan Yuli aka yanke masa zaman kaso na har iya rai. Ya mutu a gidan kaso na Moundsville a 1900.

Abin da allon bakin hanya bai faɗa ba shi ne, mai gabatar da ƙara bai kafa hujja da fatalwa ba ko kaɗan. Lauyan da ke kāre maƙerin ne ya tono zancen, yana fatan a ɗauki tsohuwar a matsayin wadda hankalinta ya taɓu, sai ta tsaya kan maganarta ba ta kauce ba. Abin da ya ɗaure maƙerin ƙashin wuya ne da ya karye, da halinsa a ranar mutuwar. Waɗannan kuwa suna nan tun ran 23 ga Janairu, a gaban idon likita da maƙwabta.

Game da dawowar matattu, aƙidarmu a bayyane take. Suratul Muminun ta ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ƙi, kuma ta ambaci shamakin barzahu da ke tsakaninsa da komowa har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da irin tasu fatalwar: sun yi imani cewa in an kashe mutum, wani tsuntsu mai kama da mujiya yakan fito daga kansa, ya riƙa kuka a kan kabarin yana neman a shayar da shi, ba ya yin shiru sai an ɗaukar masa fansa. Manzon Allah (SAW) ya kore wannan camfi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Amma mu lura da abin da ya kore da abin da ya bari. Ya kore tsuntsun, bai kore haƙƙin jinin ba. Ya ɗauke shi daga bakin tsuntsu ya ɗora shi a wuyan magada da shaidu da alƙali. A wurare da yawa, in muka bi diddigin labarin fatalwar wanda aka kashe, za mu tarar da jama'ar da ta san wani abu ta kasa faɗinsa da rana tsaka, sai ta ara wa matacce baki da dare.

Wani zai ce, ai a Suratul Baƙara wanda aka kashe ya tashi ya faɗi makashinsa. Haka ne, amma wannan mu'ujiza ce a hannun Annabi Musa (AS), da umarnin Allah, a bainar jama'a. Malamanmu na Malikiyya sun ciro daga ƙissar wani hukunci mai amfani: in wanda aka yi wa rauni ya ambaci sunan wanda ya yi masa kafin ransa ya fita, maganarsa tana buɗe ƙofar ƙasama, wato rantsuwa 50 da magadan jini za su yi. Dubi taƙatsantsan da ke nan. Maganar mai rai ce, kunnuwa sun ji ta, kuma duk da haka ita kaɗai ba ta isa a zartar da hukunci ba. To ina ga mafarki? Mafarkin ƙwarai gaskiya ne, ba mu musunsa, sai dai ba a zubar da jini ko a ɗaure mutum da shi, domin babu wanda zai iya tantance shi sai mai shi, kuma uwar da ta tsani surukinta tana iya ganinsa cikin barci da wuƙa a hannu ko da bai taɓa kowa ba. Iyakar abin da mafarki zai yi shi ne ya sa a koma a duba. A Greenbrier, duk da ba Musulmi ba ne, iyakar abin da ya yi ke nan.

Akwai masu binciken tarihi da suke ganin tsohuwar ƙirƙirar zancen ta yi, don ta san in ta je da zato kawai za a ce ƙiyayyar suruki ce. Suna nuni da cewa jaridar garin da ta buga rasuwar Zona ta buga, a fitowa ɗaya, labarin wata fatalwa a Ostiraliya da ta tona asirin kisa. Zuciyarta Allah ne ya san ta. In ƙarya ta yi, ba za mu halatta ta ba don ta dace da gaskiya, domin ƙofar da aka buɗe wa uwa mai gaskiya gobe maƙiyi zai shiga ta kan wanda bai ji ba bai gani ba. Amma laifinta, in akwai shi, ƙarami ne a kan na likitan da ya ga alama ya rubuta suma, da na maƙwabtan da suka ga kai yana lilo suka yi gum. Su ne suka kai tsohuwa ga halin da maganarta ba ta da nauyi sai ta jingina ta ga kabari.

A nan ne labarin ya shafe mu. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma sunna ce. An kwaɗaitar da mai wankan gawa ya rufa asirin abin da ya gani, kuma ladabi ne mai kyau. Amma a fahimtarmu suturar nan ta aibin jikin mamaci ce, don kiyaye mutuncinsa, ba ta haɗa da shatin yatsun wani a wuyansa ba. Matar da ta wanke gawar amarya ta ga abin da zazzaɓi ba ya yi, ta fito ta ce kwana ne ya ƙare, ba mamaciyar ta rufa wa asiri ba, wanda ya dake ta ne. Lalle kwana ya ƙare, kowane wanda aka kashe ma da ajalinsa ya mutu, wannan bai taɓa sauke haƙƙi daga kan makashi ba. Jinkirin sa'a biyu a kira likita ko a sanar da hukuma ya fi sauƙi a kan tone kabari bayan wata guda. Haka nan ba mu ce a tuhumi kowane miji da matarsa ta rasu ba. Mai wanka ta faɗi abin da idonta ya gani ga wanda ya dace, ba a bakin rijiya ba, ta bar sauran ga masu bincike.

Mary Jane Heaster ta rayu har 1916. Ba ta taɓa janye ko kalma ɗaya daga labarinta ba, kuma ba a ji ta ce ɗiyar ta sake zuwa mata bayan an yanke hukunci ba.