Ɗan Kama Mai Sanyin Baki

Kowa ya san ɗan kama. Shi ne mutumin nan da kan tsaya a kasuwa ko wurin biki, ba shi da hajar da zai kasa sai bakinsa. Yakan yi shiga irin ta malamai, ya gyara murya kamar zai yi wa'azi, amma abin da zai fito duk zancen tuwo ne da miya da fura. Wani lokaci ya ɗauki waƙar wani babban makaɗi ya juye ta, kirarin da aka yi wa sarki ya koma kan malmalar tuwo. Sana'ar tsohuwa ce, har wani Bature, Gidley, ya buga bincike a kanta a Landan cikin 1967. A Ingila da Amurka ma akwai masu irinta, sai dai su a babban zaure suke tsayawa, a biya kuɗi a ƙofa.

To, masu ba da dariya iri biyu ne. Akwai mai hayaniya, ya yi tsalle, ya zare ido, ya riga kowa ƙyalƙyalewa. Akwai kuma mai sanyi, wanda ke magana sannu-sannu, fuska a ɗaure, kamar bai san ya faɗi abin dariya ba. Na farko yakan tara jama'a nan da nan, amma na biyu shi ne ake maimaita maganarsa bayan mako guda. Me ya kawo haka?

Mutanen Kura da Bunkure ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta manyan hanyoyinsa zuwa gonakin Kadawa da kewaye, ana noman rani na tumatir da alkama da shinkafa da albasa. Kowane manomi a nan ya san in ka saki ruwa da ƙarfi a fangali, sai ya kwashe iri, ya wuce, ƙasa ba ta sha ba. In kuwa ka bar shi ya shiga a hankali, sai ya ratsa har saiwa. Magana ma haka take. Mai sanyi yakan faɗi rabin zance ya yi shiru. Cikin shirun nan mai sauraro ke ƙarasa sauran da kansa, kuma abin da mutum ya gano da hankalinsa ya fi masa daɗi bisa wanda aka ɗura masa. Watau ɗan kama mai sanyi ya ɗauki jama'a masu hankali ne, su kuwa sun ji an girmama su.

Na biyu, akwai mallakar kai. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ba Arewa duka dariya ta hanyar fim, amma a fim in an yi kuskure ana iya yankewa a sake. Wanda ya tsaya gaban mutane ido da ido ba shi da sakewa. In maganarsa ta faɗi ƙasa ba wanda ya dara, mai garaje sai ya ruɗe, ya ƙara ihu. Mai natsuwa kuwa sai ya dubi fuskoki, ya jira, ya canja hanya. Mutane suna son ganin wanda bai firgita ba, gama natsuwarsa takan kwantar musu da nasu hankalin.

Na uku shi ne mafi girma. Gwanin ɗan kama kansa yake yi wa ba'a. Shi ne makwaɗaici, shi ne matsoraci, shi ne wanda ba a gayyata ba ya zo. Na taɓa ganin wani a shekarar da tumatir ya yi kwantai, manoma na komowa daga Kwanar Gafan da kwanduna ba ciniki. Ya tsaya cikinsu, ya ce shi kam bana ya gode musu, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin miyar gidansu ta yi ja ba sai yanzu. Ya yi shiru. Can ya ce saura kuma a taimake shi da tuwon da zai ci da ita. Mutanen da suka tafka asara suka yi ta dariya. Bai rage musu bashin taki ko kobo ba, amma ya taɓo ciwonsu ba tare da ya fama shi ba, domin talaucin da ya baje a fili nasa ne.

Wani zai ce, ai sanyin baki ba shi ne kirki ba. Gaskiya ne. Mai habaici ma a hankali yake magana, kuma sau da yawa sukarsa ta fi zagi zafi. Ruwan da ke tsiyaya sannu shi ke cin gindin katanga. Saboda haka ba a auna raha da taushin murya kaɗai. Ga ma'auni: bayan an watse, akwai wanda ya tafi gida kansa a sunkuye? In an dara ne a kan makaho, ko gurgu, ko baƙon da Hausa ba ta zauna bakinsa ba, to, wannan izgili ne ko da an faɗe shi da murya kamar zuma. Haka kwaikwayon malami: a yi dariyar kwaɗayi, kada a yi dariyar ilmi.

Ya kai mai karatu, ba kowa ne ɗan kama ba, amma kowa yana da majalisa, kowa yana da gida. A zamanin nan kuma da waya ke ɗaukar magana ta kai ta garin da ba ka taɓa zuwa ba, magana ta ƙara zama zarar bunu. In za ka yi raha, sake ta kamar ruwan fangali, ka fara da kanka, ka bar wa kowa mutuncinsa ya koma gida da shi.