Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Fatake ne suka bar mana wannan karin magana. A zamanin da ayari kan taso daga Damagaram da gishiri da kanwa da dabino ya nufi Kano, abin da matafiyi ke fara gani shi ne kan Dutsen Dala, can nesa, tun ganuwa ba ta bayyana ba. Nan take yaran ayari su hau murna, wani har ya fara lissafin ribar da zai ci a Kasuwar Kurmi. Madugu kuwa ya san da sauran aiki. Raƙumi na iya gurfanewa, rana na iya faɗuwa a rufe ƙofar gari, a kwana a waje da kaya. Sai ya ja kunnensu da cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tun ina yaro nake jin maganar, amma a kakar bara ta zauna mini daram, a kan wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Yaron nan Allah ya sa masa son abu biyu, hawan duwatsu da tuƙa keke a hanyoyin daji. Ya tara kuɗi ya sayi keke ɗan gwanjo mai giya da faffaɗar taya. Da watan Oktoba ya kama, an yanke gero, dammuna sun taru a gonaki, gawo ya fara fitar da sabon ganye, sai ya ce shi da kekensa zai koma makaranta daga nan Dungu. Uwarsa ta nuna ba ta so. Ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, ai tafiyar yini ɗaya ce."

Bayan sallar asuba ya ɗaure gorar ruwa da ƙuli-ƙuli da guntun rake na fadamarmu, ya kama hanya. Ya wuce Matameye, ya wuce Kance, ya hau babbar kwalta a Takeita ya miƙe gabas. Da la'asar, bayan Tirmini, duwatsun Damagaram suka bayyana a gabansa. A nan lissafinsa ya canza. Ya shanye sauran ruwansa, ya sauka daga kwalta don ya yanke ta cikin gonaki. Bai yi nisa ba tsidau ya huda masa taya biyu. Ya zaro kayan faci ya tarar gam ya bushe. Haka ya dinga tura keke cikin rairayi, ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando, maƙogwaro ya bushe. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya ya ce, "Samari, ina zuwa haka?" Ya ce, "Baba, ai na iso, ga duwatsun can." Dattijon ya ce, "Kai ka gan su, su ba su gan ka ba tukuna. Ɗora kekenka bisa dammuna." Sai bayan isha'i ya shiga gari.

Duwatsun ba su yaudare shi ba, suna nan inda suke. Ido ne ba ya ɗaukar kaya. Ido ba ya jin ƙishirwa, ƙaya ba ta sukarsa, yana isa wuri cikin ƙiftawa ɗaya ya dawo ya gaya wa zuciya an zo. A kaka ma abin ya fi, domin damina ta wanke sararin sama, hazo bai sauko ba, na nesa sai ya zama kamar a miƙa hannu. Haɗarin hange shi ne yana sa mutum ya kashe guzurinsa tun tafiya ba ta ƙare ba.

Masu hawan dutse sun san wani ɓangare na hikimar nan da ya fi zurfi. Yaron ya gaya mini cewa a kan manyan duwatsun unguwar Birni ta Damagaram, masu santsi, hawa ya fi sauka sauƙi. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke lalube, ga gwiwa ta riga ta gaji. Haka abin yake har a Everest, dutse mafi tsawo a duniya, mai mita 8,849, wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwarsa ranar 29 ga Mayu, 1953. Da yawa daga waɗanda suka rasu a can sama a hanyar saukowa ajali ya riske su, bayan sun kai inda suke buri. Ke nan ƙololuwar ma hangen Dala ce. Birni shi ne ka dawo gida da ƙafafunka. Wasan keken tsauni, da ya faro a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970 har ya shiga gasar Olamfik a 1996, shi ma gwanintarsa tana ga iya riƙe birki a gangara, daidai lokacin da mutum ke ganin wahala ta wuce.

Sai dai kada a ɗauka karin maganar tana hana hange. Madugu ma yana jin daɗin ganin Dala, domin ita ke tabbatar masa bai ɓata hanya ba, ita ke ƙara wa gajiyayye ƙarfi. Wanda bai hango komai ba ai ba ya ko ɗaura sirdi. Abin da magabata ke nufi shi ne a yi murna a zuci, ƙafa kuma ta ci gaba da aikinta, a bar sauran ruwa a gora.

Wannan nake so ɗalibanmu su riƙe. Ranar da yaro ya ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, gida kan cika da guɗa, kuma ya cancanta. Amma daga nan zuwa karɓar digiri akwai shekarun haya da guzuri mai yankewa da jarrabawar da ake maimaitawa. Na ga waɗanda suka saki jiki a shekarar farko suka dawo gida hannu rabbana. Manomi ma da ya ga gero ya yi kai ba ya cewa ya ci, sai dami ya shiga rumbu.

Bana da kaka ta zagayo, yaron ya sake shiri. Gora biyu ya ɗaure, ya sayi sabon gam, ya gwada famfo tun da dare. Uwarsa ta ce ya buga mata waya da zarar ya hango duwatsun. Ya ce, "A'a Inna, sai na jingine keke a bangon ɗakina."