A Ci, A Bar Iri: Nasiha Ga Samarin Lausu

'Ya'yana samarin Lausu, da na Rurum da Saji, da 'yan'uwanku na Kibiya da Tarai, ina da 'yar magana da ku, kuma ta gyara ce, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda zai kira ku malalata. Kun riƙe noman damina, kun haɗa da na rani, kuna rufa wa iyayenku asiri. Abin da ke damuna guda ne: hannunku ya yi wa daji nauyi. Kuna ɗiba, ba ku barin iri.

Mu fara da wuta. Da an kawar da amfanin gona, hunturu ya busar da ciyawa, sai a busa ƙaho, a tara karnuka, a cinna wa dawa wuta ta ko'ina saboda gafiya da zomo. Ku bi sawun wutar nan kashegari ku gani. Za ku tarar da bushiya ta dunƙule ta ƙone a yadda take, domin dunƙulewa ce kaɗai dabarar da Allah ya ba ta. Za ku tarar da 'yan tsiron ɗorawa da kaɗanya waɗanda ba su kai gwiwa ba sun zama toka. Naman da aka samo bai isa gida biyu ba, amma ciyawar da shanu da tumaki za su ci har bazara ta tafi, ƙasa kuma ta zauna tsirara tana jiran ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a rafi.

Kada ku ce tsoho ya hana farauta. Farauta sana'a ce mai daraja, har sarauta gare ta, shi ya sa ake da Sarkin Baka. Amma maharban da muka taso muka tarar suna da ƙa'ida. Ba sa ɗaga baka a kan gada mai ciki ko mai goyo. Idan damina ta sauka, namun daji suka shiga haihuwa, zabin daji suka fara saka, sai maharbi ya rataye kwarinsa ya ɗauki fartanya. Ba tausayi kaɗai ba ne, lissafi ne: wanda ya cinye uwa da ƙwai bana, me zai harba baɗi?

Sai maganar danƙo a hannun ƙannenku. A ƙasar Hausa babu tsuntsuwar da ta kai shamuwa samun aminci. Tana iso mana gab da faɗuwar damina, bayan ta yi rani a can kudancin Afirka, ta nufo kuka ko tsamiyar da ke tsakiyar gari, ta jera ƙirare ta yi sheƙa a saman kawunan mutane ba ta da fargabar kowa. Manomi ya gan ta, sai ya fara duba irinsa. Ku lura da ita da hantsi a sabuwar huɗa: baƙar riga, farin ciki, tana takawa sannu tana tsintar fara da tsutsa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da kuke sayen maganin feshi dominsa, ita kyauta take yin sa. Haka balbela take yi a bayan shanu, haka mujiya take rage ɓera da dare, ko da yake mun ɗora mata camfin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Yaron da ya harbo shamuwa a sheƙa, a da gari duka ne ke tsawata masa. Yau sai a wuce shi a yi shiru. Wannan shirun naku ne, ku yayye.

Ku tambayi kanku kuma, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? A da ba a yanka a kasuwar Rano ko ta Kibiya ba tare da sun jeru a kan katanga ba. Yanzu an bi su da guba da tarko ana sayar wa masu tsibbu kai da ƙafa. Tun 2015 masana na duniya suka sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Wanda ke ganin ƙazama ce kawai, ya ji abin da ya sami Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya riƙa kashe ungulayen da suka ci mushen shanun, har fiye da kashi 90 cikin 100 suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin, bayan ɓarna ta riga ta auku. Gauraka ma, mai tukkun zinariya, da muka saba jin kukanta a fadama, an kame ta an kai gidajen masu kuɗi ta zama ado, har ta yi wuyar gani a Nijeriya.

Itatuwa kuwa, a nan zuciyata ta fi sosuwa. Na san buhun gawayi yana biyan kuɗin makaranta, yana sayen magani, ban raina wannan ba. Amma kiryar da kuka kayar da injin yanka kafin azahar ta girmi kakanninku, kuma ita ce maƙera da masu sassaƙa turmi ke nema. Marke ya yi ƙaranci. Madobiya an yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin daga dazuzzukan Afirka ta Yamma, har dai a 2017 aka sa cinikinta ƙarƙashin dokar duniya. To ɗorawa da kaɗanya fa? Su ne jarin iyayenku mata. Daga kalwa ake daddawa, daga ƙwarar kaɗanya ake man kaɗe, kowace shekara ba taki ba ban ruwa. Wanda ya mai da su gawayi ya ci kuɗin kwana uku, ya yanke wa gidansu abin shekara da shekaru.

Abin kuma yana da gyara, maƙwabtanmu sun gwada. A jihar Maraɗi, bayan farin da ya addabi Nijar, tun wajen 1983 manoma suka kama abin da suke kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne. Idan kututture ya yi toho a gona, maimakon a sassabe shi duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da wannan kaɗai aka farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya dawo, shi da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Su da ruwan samansu bai kai namu ba suka yi haka, balle mu a ƙasar Rano.

Ruwa ma amana ne. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa Dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ya shayar da gonakin Bunkure da Kadawa da Kura, ya bi ta Wudil ya kai fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa ke tahowa tun daga Turai suna cin hunturu. Duk wanda ya zuba gamalin a kududdufi don kifi, ko ya wanke tankin feshi a bakin rafi, ko ya tace ruwa da gidan sauro ya kwashe har 'ya'yan kifi, ya cuci na kusa, ya cuci na nesa da bai taɓa gani ba.

Addininmu bai bar wannan ba. Alƙur'ani a Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tsuntsuwa tana shawagi cikin damuwa don an ɗauke mata 'ya'ya, ya umarci a mayar mata da su. Ya kuma yi bushara cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, yana da ladan sadaka. Korar jan baki daga shinkafa ko biri daga masara kare haƙƙi ne, ba laifi. Kisan banza shi ne abin gudu.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Ku bar ashana a gida ranar farauta. Ku rataye makami daga faɗuwar damina zuwa kaka. Itacen da ke ba da 'ya'ya, a yi masa sassabe, kada a kayar. Kowa ya bar toho a gonarsa bana, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ku karɓe danƙo a hannun yaro da lallashi, ku nuna masa sheƙa ku gaya masa amfanin mai ita. Sannan ku zauna da dagaci da masu unguwanni da limamai da Sarkin Baka ku ƙulla dokar gari a kan wuta da gawayi da guba, wadda za ta hau kan ɗan kowa. Ƙarfin yin wannan yana hannunku, mu namu ya ragu sai addu'a. Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya sa ku miƙa wa 'ya'yanku ƙasar da ta fi wadda kuka karɓa.