Darasi Daga Rayuwar Wani Dattijo Ma'aikacin Safiyo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin sammai da ƙassai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a kwanakin baya Allah Ya yi wa wani dattijo rasuwa, wanda ya kama aikin safiyo, watau awon ƙasa, jim kaɗan bayan da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, bai kuwa bar aikin ba sai da ya yi ritaya. Bai tara dukiya ba, bai riƙe sarauta ba, amma ranar jana'izarsa har manoman ƙauye sun yi takakkiya domin su sallace shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, sai Manzon Allah ya yi mata bushara da Aljanna, ya kuma bayyana cewa muminai su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da aka shaidi wannan bawan Allah da shi.

Shaida ta farko ita ce bai taɓa gusar da turke ba. Aikin ɗan safiyo shi ne ya auna fili, ya kafa turakun siminti a kusurwoyinsa, ya zana taswirar da za a dogara da ita wajen ba da takardar mallaka. In ya karkata alƙalaminsa kaɗan, sai gonar wani ta shige cikin filin wani, 'ya'ya da jikoki su gāji shari'a. An ce wani mai hali ya taɓa yi masa alkawarin fuloti in zai matsar da turke ya ci gefen gonar wata mata mai marayu. Marigayin ya ƙi, ya kafa turken inda awo ya nuna, ko da yake daga baya an yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa da iyalinsa.

Wannan hali yana da tushe a Shari'a. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah ya la'anci wanda ya canza alamun iyakar ƙasa. Haka kuma lokacin da Arwa 'yar Uwaisu ta kai ƙarar sahabi Sa'idu ɗan Zaidu wurin Marwanu ɗan Hakamu a kan fili, Sa'idu ya kāre kansa da cewa ba zai yi haka ba alhali ya ji Annabi yana gargaɗin cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai.

Awon ƙasa kuwa aiki ne da sahabbai suka yi. Bayan an ci Iraƙi, Sayyidina Umaru ya ƙi raba gonakin Sawadu ga mayaƙa, ya bar su a hannun manoma bisa haraji. Ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu, mutumin Madina, ya auna su. Alƙali Abu Yusufu ya kawo a cikin Kitabul Haraji cewa awon ya kai jaribi miliyan 36, jaribi kuwa ma'aunin faɗin gona ne na wancan zamani. Mutumin da aka danƙa wa wannan dukiya, abincin da aka yanka masa daga baitulmali rubu'in tunkiya ne a kowace rana. Har ila yau Buhari ya ruwaito cewa 'yan kwanaki kafin a soki Umaru a shekara ta 23 bayan Hijira, watau 644, ya tsai da Usmanu da Huzaifatu ɗan Yamanu yana tambayarsu ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Abin da ya dami Halifa ke nan a ƙarshen rayuwarsa, kada a zalunci manomi a wurin awo.

Shaida ta biyu daga cikin gida ta fito, ita ce kuwa ta fi wuyar samu, domin mutum yana iya ɓoye halinsa ga jama'ar gari, amma ba ga matarsa da 'ya'yansa ba. Aikin marigayin yakan tsare shi makonni a daji, to amma ba ya fita sai ya auna hatsin da zai ishi gida. In ya dawo, shi ke biya wa yara karatun allo bayan sallar Asuba. Da ƙanensa ya rasu ya kwashe marayun ya riƙe, har baƙo ba ya iya bambanta su da 'ya'yan cikinsa. Da ciwo ya kwantar da uwargidansa, shi ya yi jinyarta da hannunsa. Tirmizi ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata wa iyalinsa, Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa Annabi yakan taya iyalinsa aikin gida.

Shaidun nan biyu ba a rabe suke ba. Da ya karɓi fulotin nan, da haram ya ciyar da iyalin da yake ƙauna, kyautatawar ta zama cutarwa. Mai tsoron ƙetare iyakar maƙwabci, shi ne mai tsoron ƙetare iyakokin Allah a cikin gidansa.

To, a yau rigingimun fili sun cika kotuna, 'yan'uwa na jini sun daina gaisawa saboda kunya ɗaya ta gona. Wajibi ne ma'aikatan ƙasa da masu unguwanni da dillalan filaye da masu rabon gado su tuna cewa kowane turke za a tambaye su a kansa. Wanda ya san akwai taƙin wani a cikin katangarsa, ya mayar tun yana da iko, kafin a auna masa nasa filin da ba ya wuce tsawon jikinsa.

Allah Ya jiƙan wannan dattijo, Ya yalwata kabarinsa, Ya albarkaci zuriyarsa, Ya tsare al'ummar Musulmi daga cin haƙƙin juna. Amin.